Sunan da Ya Zo Bayan Furfura

Kowace safiya, da ƙarfe bakwai daidai, wani magidanci a unguwar Zango ta birnin Damagaram yakan hau tsani zuwa kan soron gidansa, ya duba gwangwanin awon ruwan sama, ya sauko ya rubuta abin da ya gani cikin kaye. Idan damina ce, ya rubuta milimita nawa suka sauka. Idan rani ne, ya rubuta sifiri. Ya fara wannan aiki a 1984, shekarar da fari ya ƙone gonaki, yana ɗan shekara 9 a hannun gwaggonsa a Mirya, da gwangwanin tumatir da tsinken awo. In ban da ranakun da ciwo ko tafiya suka hana shi, babu safiyar da ya tsallake. Kayen suna jere cikin akwatin ƙarfe, kowace shekara da nata. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya taɓa biyan sa ko dala.

Mutane sun daɗe da yanke hukunci a kansa, kuma kowane zamani na rayuwarsa da sunan da aka laƙaba masa. Yana ƙarami aka ce kurma ne. Da ya shiga lakwal yara suka ce dolo ne. Da ya fara zuwa na ɗaya a lissafi sai aka koma cewa yana da ƙwaƙwalwa amma miskili ne. Da ya kama aiki aka ce girman kai ke damun sa, wasu suka ce ya mai da kansa Nasara. Tsofaffin dangi kuwa, cikin tausayi, sukan ce iska ce ta shafe shi tun yana goye. Ya karɓi waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, domin ba shi da wani da zai musanya su da shi. Sai da furfura ta fito masa, yana da shekara 47, ya ji wani sabon suna, kuma ya shafe shekara biyu yana tunanin ko ya je a tabbatar masa da shi ko ya bari.

Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Wannan karin magana bai taɓa yi masa aiki ba. Ba ya iya karanta fuskar mutum ya san ko ya ji haushi ko ya gaji da hira, tasa fuskar kuma ba ta ba da labarin abin da ke ransa. Gatse da habaici da zolaya duk sukan wuce shi. Wata rana yana yaro yana zuba nono cikin fura ya yi yawa, gwaggonsa ta ce masa, "To, juye duka mana!" Ya juye duka, ya sha duka a kai, ya kwana yana mamakin laifin da ya yi, tun da abin da aka ce ya yi shi ya yi.

Al'adar da ya tashi a cikinta ta rufa masa asiri ta wani gefe. A ƙasar Hausa yaron da ba ya kallon idon manya mai ladabi ne, wanda ba ya yawan magana mai kunya ne, wanda ba ya nuna abin da ke ransa mai kawaici ne. Gaisuwa ma ta zo masa da sauƙi, domin tana da tsari: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ina aiki, da godiya. Ya haddace ta kamar yadda ya haddace jadawalin lissafi. Wahalarsa tana farawa ne daga inda gaisuwa ta ƙare, aka shiga hira, inda babu wanda ya rubuta ƙa'idar lokacin da mutum zai yi magana da lokacin da zai yi shiru.

Ta wani gefen kuma al'adar ta tona shi. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ba a gani wurin suna da ɗaurin aure da zaman makoki, ana lissafa masa. Yakan je, amma ƙarar lasifika da guɗa da kirarin maroƙa da ƙamshin turare iri goma sukan haɗu su cika masa kai har ya ji kamar ana buga masa guduma, sai ya sulale bayan katanga ya tsaya shi kaɗai. Lokacin da fada-fada suka yawaita a Damagaram cikin shekarun 1990, ya gwada zama a ta samarin layinsu. Yakan daure har a sha shayi na uku, mutum biyar suna magana lokaci ɗaya, rediyo na yi, ƴan karta na gardama, ya koma gida a gajiye kamar wanda ya wuni yana dakon buhuna.

A wurin aiki, inda yake ma'ajin kaya, fiye da shekara ashirin ba a taɓa samun ko ƙusa ta ɓata a hannunsa ba. Amma wata rana a gaban baƙi shef ya faɗi wani adadi, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce ba haka ba ne, ya karanto na gaskiya daga rajista. A ganinsa ya taimaki shef ne kada ya yi kuskure. Ya ɗauki shekaru kafin ya gane dalilin da ya sa tun daga ranar yaran da ya koya wa aiki suke wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fi kowa ɗaukar nauyin halinsa ita ce matarsa, wadda ya aura a 2003. Ta koyi cewa ba a canza masa lokacin abinci, ba a matsar masa da tabarma, ba a kawo masa baƙi ba sanarwa. Abu ɗaya ne ta kasa haɗiyewa. Ran da aka aiko da rasuwar mahaifinta da asuba, ya yi mata ta'aziyya da kalmomin da ake yi, sa'an nan da bakwai ta buga ya hau soro ya duba gwangwaninsa. Ta riƙe wannan a zuciya shekara da shekaru. Ba ta san ya yi mako bai runtsa ba, ba ta kuma ɗauki zuwan da ya yi ya gyara ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ya sake mata dukan sakatun gidan, a matsayin kuka ba, alhali shi ne kukan da ya iya.

Autansu, wanda aka haifa a 2017, ya kai shekara biyar bai haɗa kalma biyu ba. Ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, yakan wuni yana jera marafan kwalba a layi, in aka taɓa ɗaya ya fasa ihu. An sha rubutu, an yi turare, an gwada kunnensa aka ce lafiya lau. A 2022 suka ɗauke shi suka kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900, ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Wata likitar yara ta zauna da su fiye da awa biyu, tana kallon yaron tana yi musu tambayoyi, a ƙarshe ta ce abin da ke tare da shi sunansa otizim. Ta ce ba hauka ba ne, ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Ƙwaƙwalwa ce da ta ginu ta wata hanya tun daga farko. Sai ta tambaya ko a dangi akwai wanda ya yi jinkirin magana, ko mai gudun hayaniya, ko wanda ya kama abu ɗaya ya ƙi saki. Matar ba ta ce kome ba. Ta juya ta dube shi kawai, kuma wannan kallon, a karo na farko, ya fahimce shi.

Da suka koma gida ya yi abin da ya saba yi da duk abin da ya kama hankalinsa: ya bi shi har ƙarshe. Dare bayan dare yana karatu da Faransanci a waya. Ya karanta cewa a 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin yara 11 da ya lura da su, kuma na farko a cikinsu, Donald Triplett, ya girma ya yi aiki a bankin garinsu shekaru da dama, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ya karanta cewa a 1944 Hans Asperger, a birnin Biyana, ya rubuta game da yara masu magana sarai, masu kaifin basira a fanni ɗaya, amma waɗanda zama da mutane ke yi wa wuya. A 1981 wata likita a Ingila, Lorna Wing, wadda ita ma tana da ɗiya mai otizim, ta farfaɗo da wannan aiki, ta kuma yaɗa fahimtar cewa abin mataki-mataki ne, daga wanda ba ya magana sam har zuwa wanda ke koyarwa a jami'a. A 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya haɗe waɗannan sunaye ƙarƙashin guda ɗaya.

Ya ga ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, tare da bayanin cewa a ƙasashe matalauta da yawa ba a ƙidaya ba. Ya ga wani bincike na 2019 da ya duba mutum kusan miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya gano cewa gado ne ke ɗauke da kimanin kashi 80 cikin 100 na dalilin abin. A nan ya ajiye wayar, ya tuna da barewa da ɗanta. Daga baya ya sami wata jarrabawar tambayoyi 50 da Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa suka fitar a jami'ar Kambirij a 2001. Masu ita sun ce wanda ya kai maki 32 ya kamata a duba shi. Ya sami 41. Ya sake yi bayan wata ɗaya don kada ya zama ya yi wa kansa son rai, ya sake samun 41.

Sai dai su kansu masu jarrabawar sun ce ita ba hukunci ba ce, manuniya ce kawai. Babu gwajin jini, babu hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam zai zauna da mutum, wani lokaci zama biyu ko uku, ya nemi abubuwa biyu: wahala wajen mu'amala da fahimtar mutane, da kuma manne wa tsari ɗaya ko sha'awa ɗaya tare da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da kima. Dole ne kuma a nuna cewa abin yana nan tun ƙuruciya, kuma yana hana mutum wani abu a rayuwarsa. Saboda haka akan nemi wani babba da ya san mutum yana yaro ya ba da shaida. Tambayar da ta tsaya masa ke nan: shi da ya riga ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, ya kusa ritaya, me zai kai shi neman wannan hukunci?

Amininsa guda ɗaya, wani tsohon ma'aikacin jinya da suke sallar asuba a sahu ɗaya, bai ga dalili ba. Ya ce masa, "Malam, ciwon da ake zuwa nema shi ne wanda ke da magani. Wannan kai da bakinka ka ce ba shi da ƙwaya, ba shi da allura. Za ka kashe kuɗin mota da masauki da na likita, a ba ka takarda, ka dawo ka sa ta cikin akwatin nan naka tare da kayen ruwa. Wa zai ƙara maka albashi a kanta?" Maganar tana da gaskiya. A Faransa ko Ingila irin wannan takarda tana iya sa a sauya wa ma'aikaci wurin zama ko tsarin aiki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, amma da wuya a sami shef ɗin da zai kalli mutum mai ƙafa biyu da ido biyu, mai rubutu kamar na inji, ya yarda cewa yana bukatar wani rangwame.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai, kuma layin da ke ƙofarsu na masu taɓin hankali mai tsanani ne da matasan da ƙwaya ta lalata. Yana jin kunyar ya je ya tare musu wuri. Sashen da ke wannan aiki a babban asibitin Yamai, wanda kowa ya sani da Pabiyon E, sunansa kaɗai ya isa a yi wa mutum dariya a fada. In aka ji ya je, babu wanda zai tsaya bambanta otizim da hauka. Kalmar galahanga da wasu gidajen rediyon Hausa ke fassara shi da ita ma ba ta taimaka ba, domin a kunnen jama'a tana nufin yaron da ba ya iya riƙe wuyansa ko yawunsa. Ga shi kuma babbar ɗiyarsa, mai shekara ashirin, an fara zuwa neman aurenta. Ya san abin da dangin miji ke bincike kafin su kawo goro: asali, da hali, da ko akwai hauka a gidan. Takardar da zai karɓo don kansa tana iya zama abin da za a karanta a kan ɗiyarsa.

Wani tsoron kuma bai faɗa wa kowa ba. Idan ya je likita ya ce ba shi da kome fa? Kayan awon nan an ƙera su ne a wasu ƙasashe. Cikin tambayoyi hamsin ɗin har da wadda ke son ya zaɓa tsakanin gidan wasan kwaikwayo da gidan tarihi, kuma rashin kallon ido da suke ɗauka alama, a Damagaram rabin gari haka suke yi wa na gaba da su. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana koyon gaisuwa da murmushi a kan lokaci yana iya cin jarrabawar zama kamar kowa na awa biyu. In haka ta faru, zai dawo da tsofaffin sunayensa, miskili mai girman kai, wannan karon da sa hannun likita. Zato, ko ba kome, ya bar masa ƙofa a buɗe.

Duk da haka ya kasa ajiye maganar. Sau uku a rayuwarsa ya taɓa faɗawa cikin wata irin gajiya da ta hana shi fita har makonni, kullum bayan wani babban sauyi: canjin wurin aiki, tashi daga gida zuwa gida, bikin ƙanensa da aka ɗora masa. An yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifot, an yi ruƙiyya. Yanzu ya karanta cewa damuwa da baƙin ciki mai tsanani da rashin barci sun yawaita ga manya masu otizim, musamman waɗanda suka daɗe suna ɓoye halinsu, kuma waɗannan suna da magani, idan mai maganin ya san da wa yake magana. Ya karanta labarin Susan Boyle, mawaƙiyar Sikotilan, wadda aka gaya mata tun tana yarinya cewa ƙwaƙwalwarta ta sami rauni wajen haihuwa, sai da ta haura shekara hamsin likita ya ce mata ba haka ba ne, ta bayyana wa duniya a 2013 cewa ta sami sauƙi a ranta. Ita ma ba ta rasa suna ba tun farko. Wanda aka ba ta ne ba daidai ba.

Matarsa ce ta kawo hujjar da ta fi kama shi. Wani dare bayan yara sun kwanta ta ce, "Malam, ni ba takarda nake so ba. So nake in san ran da Baba ya rasu, da ka hau soro, ko ba ka damu ba ne ko kuwa ba ka iya ba ne. In ka gaya mini da bakinka zan ce kare kanka kake yi. In na gaya wa kaina zan ce haƙuri nake ba kaina." Ta yi shiru, sa'an nan ta ƙara da cewa auta zai girma, wata rana zai tambaya ko akwai wani irinsa da ya yi aure ya riƙe gida, kuma gara a nuna masa ubansa da a nuna masa Bature a waya.

Haka ya yi ta jujjuya maganar har daminar 2024, wadda ta cika masa kaye da lambobin da bai saba rubutawa ba. A farkon watan Satumba ruwa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Ya je ya tsaya cikin masu kallo, ya ji wani dattijo yana cewa kullum yana niyyar kawo jikokinsa su ga cikinsa, bai samu ba. A hanyar komawa gida ya lissafa waɗanda suka san shi yana yaro. Mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa tana raye, amma shi ɗan fari ne: ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma taɓa zama ta yi hirarsa ba, balle a gaban baƙo mai rubutawa. Saura gwaggonsa, wadda ta ɗauke shi ran da aka yaye shi, ta haura shekara tamanin, kuma an ce ta fara kiran jikoki da sunayen matattu. Ya gane cewa ko bai yanke shawara ba, lokaci na gab da yanke masa.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirya, ya hau mota da sabon kaye da goro da sabulu. Ya same ta a inuwar ɗakinta tana jan carbi. Da yake sunan mahaifinta aka sa masa, ba ta kiran sa sai da Babana. Ya ce, "Gwaggo, tambaya na zo yi, ta lokacin da nake yaro." Ta ce, "Babana, abin jiya ne ke ɓace mini. Na da yana nan." Ya jero tambayoyin kamar yadda ya tsara su, tana amsawa yana rubutawa. Bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu, kuma da ya fara, maganar mutane yake maimaitawa kamar aku. Ba ya miƙa hannu a ɗauke shi. Ba ya shiga wasan langa ko na ƴar tsana da yara, sai dai ya zauna wurin masu ginin tukwane ya jera musu kasko daga ƙarami zuwa babba. In an yi tsawa ko an buga ganga yakan toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Shekara guda cur ba ya cin kome sai tuwo ba miya. Wata maƙwabciya ta taɓa cewa ɗan ruwa ne, a kai shi bakin tafki. Gwaggon ta kore ta da muciya.

Da ya gama ya rufe kayen, sai ta ce, "Ai ba kai ka fara ba." Ta ba shi labarin yayanta, mahaifinsa, maɗinkin hula, wanda ya yi shekara talatin yana zama a gefe ɗaya na zaure ɗaya, yana ɗinka zane iri ɗaya, ba ya zuwa biki sai an ja shi, kuma ya san ranar haihuwar kowane yaro a unguwa. Ta ce mutane sun ce masa miskili har ya mutu, ita kuwa ta san babu wanda ya kai shi tausayi, bakinsa ne ba ya kai saƙo. Ta tambaye shi me zai yi da rubutun. Ya ce zai kai wa likita a Yamai, ko zai gaya masa sunan abin. Ta ce, "To, in ya gaya maka, ka dawo ka gaya mini, in san abin da na raina."

A motar komawa ya lura cewa ya riga ya faɗi abin da zai yi, kuma shi mutum ne da ba ya iya faɗin abu ya fasa. Saura maganar ɗiyarsa. Ya yi tunanin ya jira a ɗaura aure tukuna, amma hakan ya yi masa kama da gyara lamba a rajista kafin masu bincike su zo. Ya kira ta ya gaya mata kome, a jere, da shekaru, kamar mai ba da rahoto. Ta saurara kanta a sunkuye, ta ce, "Baba, duk wanda ya shigo gidan nan ya ga auta, kuma duk unguwa ta san ka. Wanda takarda za ta kora, gara ta kore shi tun ina ɗakin Inna." Ya ji daɗin maganar, amma ya ga hannunta na rawa, kuma wannan alama ce da ko shi ya iya karantawa.

Matarsa ta je da kanta ta yi wa mahaifiyar saurayin bayanin auta da na tafiyar da maigida zai yi. An karɓe ta da fara'a, an rako ta har ƙofa. Mako uku suka wuce kawun saurayin bai dawo kan maganar sa rana ba, ba a kuma aiko an ce an fasa ba. Amininsa ya ce ya ga abin da yake gudu. Shi dai bai sami abin cewa ba, domin bai san ko shirun na fushi ne, ko na shawara, ko kuwa hidimar girbi ce ta riƙe su, kuma a wannan karon matarsa ma ba ta sani ba.

Ya rubuta wa likitar da ta duba auta, ta haɗa shi da wani masanin halayyar ɗan Adam da ya yarda ya ga babba, aka ba shi rana a watan Nuwamba. Shi ya roƙi a sa ta bayan damina, don kada ruwa ya sauka ba ya nan. Ya san yana iya dawowa da sunan, yana iya dawowa ba shi, yana kuma iya dawowa da wani dabam da bai yi zato ba. Ya haɗa kayen Gwaggo, da takardun sakamakonsa na lakwal inda mushe bayan mushe ya rubuta cewa yaro ne mai ƙoƙari amma ba ya shiga cikin ƴan'uwansa, da jerin tambayoyi goma sha biyu da yake son yi, ya sa cikin jaka tun saura kwana shida.

Daren tafiya ya ɗauko kayen 2024 ya kai wa matarsa, abin da bai taɓa ba kowa ya riƙe ba. Ya nuna mata layin kowace rana, da inda ake sa lamba, ya ce ko da sama ta yi fes sai an hau an duba kafin a rubuta sifiri. Ta ce, "Malam, a Nuwamba?" Ya ce an taɓa yi, ya faɗi shekarar. Ta karɓa ta sa ƙarƙashin matashinta. Da asuba ɗan kabu-kabu ya kai shi tasha, ya sami kujerar da ya biya tun mako guda, ta kusa da taga, nesa da lasifika, ya toshe kunnuwansa da auduga. Ƙarfe bakwai ta same su sun wuce Takeita. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, saƙo ne daga ɗiyarsa: Inna ta hau, ta duba, ta rubuta.